Wasiƙa Zuwa ga Uwata, Kan Maɓallin da Ke Sa Kwamfuta Ta Yi Shiru

Gumel, daren Juma'a.

Uwata,

 Ina fata kina lafiya, ke da Gwaggonki da yaran gidan duka. Mu nan lafiya lau, sai kewar Baffanki, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Jiya aka yi sadakar bakwai, baƙi sun watse, an naɗe tabarmin ƙofar gida.

Kin koma Maigatari ba mu yi sallama sosai ba. Kin durƙusa kin gaishe ni kanki a sunkuye, kin fita da sauri kamar mai gudun kada in tayar da zancen. Ni ma ban tayar ba, don na san in na buɗe baki kuka za ki yi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Na kuma bar wasiƙar a buɗe ba tare da sunanki ba, saboda abin da ya same ki yana jiran yara da yawa a garin nan, kuma maganinsa bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba.

Ranar sadakar uku ni na aika ƙaninki ya kira ki. Ni na ce ki buɗe kwamfutarki ki nemo mana hoton takardun gonar Baffanki da kika ɗauka bara, don dattawa suna so a fara maganar bashi kafin a zo ga gado. Kika zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna, mata cike da tsakar gida, malamai a zaure sun ɗaga hannu ana addu'a. Kina ɗaga murfin sai waƙar fim ta ɓarke, da ƙarfin da har na kan titi suka waiwayo. Ina tsaye a soron ciki ina hango ki. Na ga yatsanki yana ta zamewa a kan faifan linzami saboda gumi, kibiyar tana yawo, ta ƙi sauka a kan ɗan hoton lasifikar nan na kusurwa. Na ga kin danna wani harafi har sau uku, ba abin da ya canza. Kika kife murfin, waƙar ba ta mutu nan take ba, sai da ta ƙara ɗan ja. Duka abin bai kai daƙiƙa ashirin ba, amma na san a wurinki ya fi yini tsawo. Wata tsohuwa ta yi salati, wata ta yi tsaki, ke kuwa kika shige ɗaki, ba ki sake fitowa ba sai bayan isha'i.

Ki saurare ni da kyau: ban ga laifinki ba. Na san yadda aka yi. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, shagon da kike aiki yana bakin hanya, tireloli na lodin shanu, 'yan kamasho na ihu, janareto na ruri a bayan shago, ga dillalan riɗi da zoɓo sun yi layi kowa na son a buga masa rasit. Kin ƙure sauti don ki ji abin da kika kunna. Ana cikin haka waya ta shigo cewa Baffa ya cika. Wa zai tsaya rufe waƙa a wannan lokaci? Kika kife murfi kika jefa a jaka kika nufi tasha. Ita kuwa kwamfuta barci kawai ta yi. Inda aka bar ta nan take farkawa, da waƙarta da ƙarfin muryarta, ba ruwanta da ko a kasuwa take ko a gidan makoki.

A daren, bayan kin yi barci, na ɗauko ta na kai ɗakina na duba. Ki yafe mini, ban buɗe komai naki ba, madannan da ma'aunin sauti kawai na kalla. Abin da na gano shi zan faɗa miki.

Ki dubi jeren maɓallai na can sama, waɗanda aka rubuta wa F1 har zuwa F12. Taki Lenovo ce, kuma a irinta maɓallai uku na farko duk na sauti ne. F1 yana da hoton lasifika da aka soke, shi ne mai kashe murya gaba ɗaya. F2 yana ragewa, F3 yana ƙarawa. A kan F1 ɗin akwai wata 'yar fitila kamar ƙwayar gero. In ta kama, to kwamfutar ta yi gum, ko me aka kunna ba za ki ji ba. Na tambayi ƙaninki me ya sa ba kya amfani da su, ya ce kin ce sun lalace tun da kika saye ta. Lafiyarsu ƙalau, Uwata. Wanda ya riƙe ta kafin ke ne ya kulle su. Kowane maɓalli a jeren nan aiki biyu gare shi, kuma maɓallin Fn da ke ƙasa ta hagu shi ke zaɓar wanda za a yi. In an kulle, sai kin riƙe Fn sannan ki danna F1. In kina son ya yi aiki da dannawa ɗaya, ki riƙe Fn ki taɓa Esc sau ɗaya, kullen ya buɗe. Na riga na buɗe miki. Yawancin Dell ma haka tsarinsu yake. HP kan sa nata a wasu lambobin dabam, kuma suna sauyawa daga samfuri zuwa samfuri, don haka in ƙawayenki sun tambaye ki, ki ce su bi hoton lasifika, su bar haddace lamba.

Kowace dannawa ɗaya a Windows tana ɗaga sauti ko ta sauke shi da maki 2 cikin 100. Ma'ana, daga ƙurewa zuwa shiru dannawa 50 ne in da F2 za ki bi. Wannan ya sa nake so hannunki ya fara sanin F1 kafin sauran. Ragewa aikin natsuwa ne. Ranar da abu ya ɓaci, kashewa ake yi tukuna, daga baya a gyara.

Sai harafin da na ga kina ta dannawa. M ne, ko ba haka ba? Kin yi daidai, wanda ya koya miki bai yi ƙarya ba. A manhajar VLC da kike kallo da ita, M yana kashe sauti, dogon maɓallin nan na tazara yana tsayar da abin da ke tafiya, Ctrl da kibiyar sama ko ta ƙasa suna ƙarawa da ragewa. A YouTube ma M ne, kibiyoyin kuma suna motsa sauti biyar-biyar. Abin da ya ci amanarki shi ne asalin kwamfutar. Kin ce a hannun wani mutumin Damagaram kika saye ta, kuma da gani babu tambaya: madannanta na Faransanci ne. Dubi layin haruffa na sama, da A da Z ya fara, namu na wannan ɓangaren kuwa da Q da W yake farawa. A tsarin Faransawa M yana zaune kusa da L. Wanda ya sa miki Windows a kan tsarin Ingilishi ya bar ta, don haka abin da aka zana a kan maɓalli dabam, abin da kwamfutar ke ji dabam. Kina danna M na ido, ita tana karɓar wata alamar rubutu. M ɗin da take ganewa yana layin ƙasa, daman N, inda aka zana waƙafi. Na san kin saba da wannan wajen buga takarda, hannunki yana gyarawa da kansa. Amma tsoro ya zo, ido ya karɓe ragama daga hannu, ido kuwa abin da aka zana ya bi. Na yanko 'yar farar takarda na rubuta M na liƙa a wurin da ya dace. Kada ki ɓare ta.

Duk mai sayen kwamfuta ta hannu a bakin iyaka ya kamata ya san wannan, don kayan da ke shigowa ta Nijar da yawansu haka suke. Ba aibi ba ne, injinsu garau yake, sai dai a san halinsu.

Yanzu bari in koma kan ta shago, babbar nan ta kan tebur. Na tuna madannanta irin masu arha ne, babu hoton lasifika ko ɗaya a jikinsu. Irin wannan sai mutum ya ƙirƙira wa kansa maɓallin. Ki fara neman izinin mai shago, kayansa ne. In ya yarda, akwai wata manhaja ta kyauta da kamfanin Microsoft da kansa ya fitar a 2019, sunanta PowerToys, tana aiki a Windows 10 da 11. Ki sauke ta da dare lokacin da intanet ya fi sauri. A cikinta akwai sashe mai suna Keyboard Manager, wanda aikinsa sauya wa maɓalli sana'a. Ki zaɓi maɓallan da ba wanda ke taɓa su. Sama da kibiyoyi za ki ga Pause da Scroll Lock. Shekara da shekaru ina aikin ofis, ban tuna ranar da na buƙace su ba. Ki ba Pause aikin Volume Mute, wato kashewa, ki ba Scroll Lock aikin Volume Down. Na ƙarawa kuwa ki sa shi a haɗin maɓalli biyu, yadda ba za a taɓa shi bisa kuskure ba. Da gangan na ce haka: kashewa ta zama mai sauƙi, ƙarawa ta zama sai an yi niyya. Abu ɗaya za ki kiyaye, manhajar sai tana kunne take aiki, don haka ki bar ta tana tashi tare da kwamfutar.

Wani zai ba ki shawarar ki haɗa Ctrl da Alt da kibiya. Ki guje shi. A tsofaffin kwamfutoci da yawa wannan haɗin juya allo yake yi, ki ga rubutu ya koma ƙafa a sama, ga kwastoma a tsaye.

In mai shago bai yarda a sa komai ba, akwai wata hanya da ba ta cin data. Windows tana da ɗan allon sautinta mai suna sndvol. Ki yi masa gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta, ki shiga bayanan gajeriyar hanyar, za ki ga gurbin da ake sa maɓalli, ki danna V. Daga nan duk lokacin da kika haɗa Ctrl da Alt da V allon zai fito, ki sauke da kibiya. Ya fi jinkiri, amma ya fi farautar kusurwa da linzami. Amfaninsa na biyu, yana nuna sautin kowace manhaja dabam, kina iya rufe bakin ɗaya ki bar ɗaya.

Watakila kina mamakin yadda tsoho ya damu da wannan ƙaramin abu har ya cika takarda. Ba ki san kakanki ba, ya rasu kafin a haife ki. Yana da rediyo mai rigar fata, wadda ya sayo da kuɗin gyaɗa. Kullum da safe a zaure yake zama da ita yana jin BBC, wadda ta fara magana da Hausa tun 1957, da rana kuma Rediyon Kaduna. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne babban yatsansa. Ba ya barin kan 'yar ƙafar nan ta murɗa murya. Yana jin takun mutum a ƙofa, kafin a gama sallama ya murɗa ƙasa, ya amsa, sai baƙo ya zauna an gaisa sannan ya tambaye shi ko yana son jin labarai. Ladan na cewa kabbarar farko, rediyo ta yi shiru. Da dare in matan gida sun kwanta, sai ya rage ta har sai ya kara ta a kunne. Ban taɓa jin ya yi wa wani wa'azi a kan haka ba, kuma ban taɓa ganin ya lalubi wurin ba. Yatsan ya san gidansa. Wurin har ya yi santsi, zanen jikinsa ya shafe.

Rediyo ta zo da abin murɗawa a fili, kowa ya gani. Kwamfuta ta zo ta ɓoye nata a cikin kusurwa, ta ce sai ka nemo da kibiya. Ladabin bai canza ba, gidajenmu ma ba su canza ba: ɗaki na jingine da ɗaki, katanga ɗaya ce tsakaninki da mai jego ko mara lafiya, masallaci na bayan gida. Abin da ya rage kawai a mayar da abin murɗawar ƙarƙashin yatsa.

Ni da tafireta na fara aiki, tun Gumel na ƙarƙashin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. A lokacin in an ba mu takardar Hausa, sai mun gama bugawa mu bi da biro muna sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Tafireta ba ta da linzami, yatsu goma ne da haddar wuri. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, zamanin Gwamna Saminu Turaki da ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, wanda ya ɗauki harkar da zafi har aka buɗe makarantarta a Kazaure, sai aka tura mu kwas. Malaminmu, wani saurayi da bai kai ni shekaru ba, ya zagaya ya cire linzamin kowa ya zuba a kwali, ya ce sai bayan mako guda. Mun yi gunaguni. Amma kafin makon ya ƙare na gane nufinsa. Linzami yana bukatar ido da natsuwa, ga shi ranar da ka fi bukatarsa ita ce ranar da ba ka da ko ɗaya. Maɓalli kuwa ko a duhu, ko hannu na rawa, yana nan inda ka bar shi. Allah Ya saka wa yaron nan da alheri duk inda yake.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki. Sanin wurin maɓalli bai isa ba, sai hannu ya haddace. Mako guda, duk lokacin da za ki tashi daga gaban kwamfuta, ko ruwa za ki sha, ki danna F1 ba tare da kin kalla ba. Kafin ki kife murfi, ki tabbata fitilar F1 ta kama. Windows tana riƙe wannan, in kin kashe ta a shiru a shiru za ta tashi. Kuma in za ki ɗaga murfi a cikin mutane, ki shirya yatsa tukuna, ya sauka a kan maɓallin da zarar ya buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani tarko kuma da iyafis. Waya in an zare mata iyafis takan tsayar da abin da ke tafiya. Kwamfuta sau da yawa ba ta tsayawa, sai ta juye sautin zuwa lasifika, kuma ƙarfin da ta ajiye wa lasifika dabam yake da na kunne. Kina iya jin abu a hankali a kunnenki, yaro ya fizge wayar, ɗaki ya ɗauka. Ki duba su biyun.

Tunda na ambaci kunne, bari in faɗi abin da ya fi damuna fiye da abin da ya faru ranar uku. Kunyar ranar za ta wuce, mutane sun ma fara mantawa. Amma sauti 100 da na tarar a kwamfutarki ya tsaya mini a rai. Kin san kunnena na hagu, kin san sai kun zagayo ta dama kuke mini magana. Shekarun da na yi a ɗakin da janareto ke jingine da tagarsa ne suka cinye shi, a hankali, ba ciwo ba jini, sai dai na wayi gari ina cewa mutane su maimaita. Likita ya gaya mini cewa a can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron abubuwa. Ma'aunin ƙara sunansa desibel. A lissafin hukumar, babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ya kai 90, awa 4 ne kacal a makon gaba ɗaya. Dubi yadda ƙarin goma ya cinye lokacin. Shawararsu ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Ke kuwa ranar kasuwa kina gasa da janareto da tirela, kuma in iyafis ne a kunnenki, duk ƙarfin nan a cikin kanki yake sauka. VLC ma tana barin mutum ya haura 100, wanda ke ƙara wa kunnen mutum haɗari. In hayaniya ta hana ki ji, ki haƙura da sauraron har kasuwa ta tashi. In kin cire iyafis kika ji kunnenki na ƙugi kamar sauro ya shiga, to kin wuce iyaka ranar. Ina so ki kai shekaruna kina jin sallamar jikokinki daga zaure.

Ƙurar hunturu ma tana tafe. Tana shiga ƙarƙashin maɓalli ta sa ya ƙi dannuwa ko ya maƙale, kuma maɓallin ƙara sauti in ya maƙale kin san sauran. Ki riƙa rufe madannan da ƙyalle, ki sami burushi mai laushi kina sharewa kwamfutar a kashe. Kada ki busa da baki, danshi ne.

Abu na ƙarshe, ƙaninki da abokansa. Bana za su zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Biyu daga cikin abokan nasa, ɗaya daga wani ƙauye a Sule Tankarkar, ɗaya daga Gagarawa, suna kwana a zaurenmu saboda darasin yamma. Na tambaye su, babu wanda ya taɓa riƙe linzami na minti goma. Waya sun iya ta kamar me, amma madannai baƙonsu ne. A 2017 hukumar ta sauƙaƙa, ta sa a iya yin jarrabawar da maɓallai takwas: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa, R na komawa. Yaro mai ƙoƙari yana iya faɗuwa don hannunsa na rawa a kan linzami, kamar yadda naki ya yi ranar nan. Ke yanzu kin san zafin abin fiye da kowa a gidan nan, don haka ke nake so ki koya musu. Ki fara musu da F1, su ga yadda yatsa ɗaya ke sa inji ya yi biyayya, tsoronsa zai fita daga ransu. Kuma ki tuna madannanki na Faransanci ne, ki nuna musu inda A take a irin wanda za su tarar a ɗakin jarrabawa, kada mu gyara wani wuri mu ɓata wani.

Inna ta tambaye ki har sau biyu. Ta ce in gaya miki tsohuwar da ta yi tsaki ta dawo washegari tana tambayar ko wani ya yi miki faɗa, ta ce a bar yarinya. Matar Baffanki kuma ta ce takardun gonar da kika adana sun raba gardamar da ta so ta taso tsakanin 'ya'yanta, tana sa miki albarka.

Na ba direban da ya saba kawo saƙo ƙullin kuka da daddawa na Gwaggonki, da man shanu kaɗan naki. Ki zo ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, ki taho da kwamfutar da cajarta, yaran za su jira ki a zaure. Ki gaida Gwaggo da mai gidanta.

Allah Ya yi miki albarka.

Naki,
Baba